Ajiye sigar a gida a wuri mai zafi, ya kuke yi da danshi?

sabon_shiga

Slm 'yan uwa, dan Allah masu ajiye sigar a gida ku taimaka min da shawara, ba sigari na kwali nake nufi ba, wannan mai kauri da ake naɗewa da ganyen taba zalla. An ba ni kyautar kwali ɗaya na haɗa da waɗanda na saya ɗaiɗai yanzu sun ɗan taru, shine na sayi ƙaramin humido, wato akwatin ajiye sigar mai riƙe danshi, na katako mai gilas a sama, da soso a jikin murfin da agogon danshi mai allura. Matsalar inda nake zafi ne ba na wasa ba, da rana ɗakin yana kai digiri 33 har 35, esi kuma sai dare nake kunnawa. Allurar nan ba ta zama waje ɗaya, da safe ka ganta a 70, da yamma ta haura 78, in esi ya kwana yana aiki ta faɗo 60 da wani abu. Wasu karan bawonsu ya tsage ta ƙasa, wasu kuma sun yi laushi ka ja ka ja hayaƙi ba ya fitowa sai mutuwa take yi a hannu, ga ɗaci. Sannan guda biyu na ga wani farin abu ɗigo ɗigo a jikinsu.

Duk inda na karanta cewa ake danshi 70 zafi 70 (na Farenhait), toh ni a ina zan samo wannan sanyin? In sa su a firij ne kawai in huta? Kuma farin abun nan lalacewa ce ko kuwa? Ngd

tsohon_hannu

Wslm ƙanina. Kafin komai kar ka mayar da firij ma'ajiyarsu, iskar cikin firij busasshiya ce kuma ganyen taba yana zuƙe duk warin da ke kusa da shi, cikin ɗan lokaci za su bushe su ɗau warin abin da ke ciki.

Wannan 70/70 ɗin da kake gani, 70 na Farenhait kusan digiri 21 ne a namu lissafin, waɗanda ɗakinsu dama a haka yake zaune su suka kafa ta. Kai da kake cikin 33 in ka dage sai ka riƙe danshi a 70 to kana kiran abu biyu ne da kanka, fumfuna da ƙwaron taba. Ni a ganina a wuri mai zafi ka sauko 62 zuwa 65 ka zauna a nan, sigar ta fi ci da kyau a haka ma, wuta na tafiya daidai, ja ba wuya, masu shan na Kyuba da yawa dama 62 zuwa 65 suke ajiyewa ko a ƙasar sanyi saboda naɗinsu yakan yi tsauri.

Amma gsky abin da ya fi ba ni tsoro a labarinka ba danshin ba ne, zafin ne, saboda ƙwaro. Ƙwaron taba ɗan mitsitsi ne ja-ja mai ruwan ƙasa, bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, Lasioderma serricorne sunansa a wajen masana. Ba daga waje yake shigo maka ba yawanci, ƙwansa yana iya zuwa a cikin ganyen tun daga inda aka naɗe, yana nan kwance ba ka gani, da zarar zafi ya haura kamar digiri 23 ko 24 ga danshi sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ita ke cin ganyen ta ciki tana yin hanya, in ta girma ta zama ƙwaro ya huda bawon ya fito, shine za ka ga ɗan rami zagayayye kamar an soka tsinin allura mai kauri. Ya fito kuma ba zama zai yi ba, ƙwai zai sake zubawa a kan sauran, mace ɗaya tana zuba ƙwai da dama, kafin ka farga akwatin gaba ɗaya ya tafi. Ƙasa da digiri 18 ba sa iya ci gaba, shi yasa ake ta maganar sanyi. Tunda kai ba ka da wannan sanyin to ka kashe ƙwan kawai, shi ne maganin.

Yadda ake yi. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya tukuna, ka samu farar takarda ka ɗan buga ƙasan kowane kara a kai a hankali, in ka ga gari mai laushi yana zubowa kamar ƙura ko ka ga rami to wannan ya tafi, ka fitar da shi daga gidan ma. Sauran ka sa a leda mai zif, ka matse iskar ciki iya yinka ba tare da ka murƙushe su ba, ka sake sa ledar cikin wata ledar. Kwana ɗaya a firij don su huce a hankali, sannan firiza mai kai 18 ƙasa da sifiri kwana huɗu ko biyar, sannan ka dawo da su firij kwana ɗaya, sannan ka fito da su ka bar su a ɗaki ledar a rufe har sai sun dawo zafin ɗaki kafin ka buɗe. Wannan na ƙarshen kar ka yi wasa da shi, in ka buɗe suna da sanyi raɓa za ta kwanta a kansu bawon ya fashe. In kuma aka ɗauke wuta a tsakani firizar ta saki to lissafi ya koma farko. Masu fitar da sigar Kyuba da wasu manyan kamfanoni suna daskarar da kayansu kafin su fitar, amma tsakanin masana'anta da hannunka ta bi shaguna da sito nawa, ni duk abin da ya shigo hannuna sai ya bi ta firiza ko daga ina yake.

Sai maganar mazubi. Ƙananan humido masu gilas ɗin nan kyau ne da su a ido amma yawanci iska na shiga ta gefen gilas da bakin murfi, shi yasa allurarka take bin yanayin ɗakin, esi ya busar da iska ta faɗo, rana ta yi sosonka ya saki ruwa ta hau. Wannan hawa da saukar ita ke tsaga bawon, cikin ya kumbura ya saki ya kumbura ya saki shi kuma bawon siriri ne ba ya jurewa. Ka samu roba mai murfi mai kullewa irin wadda ke da zoben roba a bakin murfi, sabuwa wadda ba a taɓa zuba komai ba, ka wanke ta bushe sosai har warin roba ya fita, ka shimfiɗa siraran katakon sida da ke zuwa a kwalin sigar, ka jera su, ka jefa fakitin Boveda mai lamba 65 ko 62. Fakitin nan ruwa da gishiri ne a ciki, in iska ta bushe ya saki danshi in ta yi yawa ya zuƙe, soso kuwa saki kawai ya iya. Mai giram 60 guda biyu ya ishi yawan da kake da shi a roba. Ka cire soson gaba ɗaya, kar ka haɗa su, kuma kar ka haɗa fakiti masu lamba daban daban a mazubi ɗaya. Duk sati ko sati biyu ka buɗe minti kaɗan ta sha iska.

injiniya_k

Abin da Yallaɓai tsohon hannu ya faɗa haka yake, bari in ƙara ta ɓangaren lissafi dan ka gane abin da ke faruwa a ɗakin naka.

Lambar da mita ke nunawa ba yawan ruwan da ke cikin iska ba ne, kashi nawa ne cikin abin da iskar za ta iya ɗauka a wannan zafin. Iska mai digiri 20 iyakarta kusan giram 17 na ruwa a kowace kubik mita, mai digiri 30 kusan giram 30, mai 35 ta kusa 40. Kaga kenan 70 ɗinka a digiri 35 ruwan da ke yawo a ciki ya ninka na mai 70 a digiri 21. Shi ganyen kason yake bi galibi, amma fumfuna da ƙwaro zafin nan da ruwan nan gata ne a wajensu. Sannan ga wani tarko da robar take da shi wanda ba a cika faɗa ba, in iskar ciki tana 33 da danshi 70 sai ka kunna esi jikin robar ya sauka ƙasa da kamar 27 da sauri, ruwa zai iya taruwa a bangon ciki kamar yadda yake yi a jikin kwalbar ruwan sanyi, duk karan da ya jingina da wajen ya jiƙe. Don haka robar kaɗai ba ta isa ba, ka sa ta cikin kula, kula ta yau da kullum mai kauri. Kula ba ta sanyaya komai, kar ka yi zaton haka, aikinta ta hana zafin ciki tsalle, in ɗaki na yawo tsakanin 24 da 35 cikin kular zai tsaya tsakiya yana motsi kaɗan kaɗan. In da wuri ka sa robobin ruwa biyu a rufe gam a gefe, ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi yana jinkirin saki, zai ƙara daidaita ta. Ka ajiye a ƙasa, ɗakin da ke tsakiyar gida, nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma, ba saman wadrob ba don zafi sama yake taruwa, ba kuma saitin iskar esi ba.

Na biyu, agogon nan mai allura kar ka yarda da shi sai ka gwada. Ka sayi na dijital mai nuna zafi da danshi tare, shi ma ka gwada shi. Gwajin ba wuya, murfin kwalba ka cika da gishiri ka ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙe kawai ba ya narke ba, ka sa shi da mitar a leda mai zif ko ƙaramar roba ka rufe, ka bari ya kwana ya wuni a inda zafi ba ya canzawa sosai. Gishirin girki jiƙaƙƙe a rufaffen wuri yana tsayar da danshi a 75, kuma abin daɗin shi zafi bai cika canza wannan lambar ba. In mitar ta nuna 75 lafiya, in ta nuna 79 ka san tana ƙara 4, sai ka riƙa cirewa.

Masu sayen ɗan firij ɗin ajiye kwalabe su mayar da shi humido, ko humido mai lantarki, iri biyu ne. Akwai mai tamo'ilektirik wanda ba shi da kwamfireso, shi shiru ne kuma bai cika busar da iska ba amma ƙarfinsa kaɗan ne, digiri 10 ko ɗan sama da haka yake iya saukewa daga zafin ɗaki, a ɗaki mai 35 zai yi ta aiki ba hutawa ya ba ka 24 ko 25 ga ruwa na taruwa a baya. Mai kwamfireso zai kai ka 18 ko ɗaki na ci da wuta amma duk tashin da ya yi sai ya zuƙe danshi, mafita ita ce sigar na cikin robarta a kulle sannan robar a cikinsa. Ni shi nake amfani da shi. Amma in wutarku ba ta tsayawa gara kular, sanyi ya zo ya tafi ya zo ya tafi ya fi zafi mai zama ɗaya ɓarna.

dan_gari_22

Hhh wlh ban taba sanin taba tana da wannan hidimar ba, firiza, kula, mita, sai kace jinyar mara lafiya. Ni dai tunatarwa ce kawai malam, kar kaga ba'a zukar hayakin zuwa huhu kace ba komai, tana kawo kansar baki da makogwaro itama. Allah ya bamu lafiya

tsohon_hannu

Amin, gaskiya ka faɗa ɗan gari, duk mai sha ya kamata ya san wannan.

mai_bakin_teku

Ni inda nake matsalar akasin ta wasu ce, zafi da laima tare, watanni ana ruwa iskar ɗaki kanta tana wuce 80, to a irin wannan wurin aikinka ba ƙara danshi ba ne rage shi ne, kuma wannan ne masu sayar da humido ba sa gaya maka, kowa soso da ruwa yake miƙo maka. Malam sabon shiga ba ka faɗa mana naku zafin busasshe ne ko mai laima ba, ka sa mitar a tsakar ɗaki kwana biyu ka gani, don amsar ta danganta da wannan. In mai laima ne Boveda ɗin ma zai yi ta zuƙa har ya kumbura ya cika ya daina aiki, sai ka haɗa da busassun ƙwayoyin silika ko ka rage yawan buɗewa. A nan ne ban yarda da Yallaɓai ba kan buɗewa duk sati, mu nan duk buɗewa laima kake shigarwa, ɗaukar da kake yi in za ka sha ta isa shan iska.

Maganar farin abu kuma, za ka ji wasu na cewa wai man ganyen ne ya fito ya daskare alamar sigar ta tsufa da kyau. Ni dai a ɗaki mai 35 da soso jiƙe ba na sayen wannan zancen, fumfuna ce kawai. Ka haska da tocilan waya ka duba da kyau, in ɗigon ya taru wuri wuri yana da gashi gashi to ita ce. In fara ce kuma a bawo kaɗai take ka goge da busasshen ƙyalle mai laushi ka ware su a wata leda daban ka sa ido. In ta shiga ta ƙasan karan inda ganyen ciki yake a buɗe, ko ta yi kore ko shuɗi, ko kana jin warin ruma, ka yar, ba abin da za ka ceto. Soson nan ma ka yar da shi, inaga daga nan ta faro musamman in ruwan famfo kake zubawa.

Waɗanda suka yi laushi ba sa jawuwa, akwai dabara, wanda za ka sha gobe ka ciro shi yau ka sa a busasshen kwalin katako wanda ba komai a ciki a ɗakin da esi ke aiki, kwana ɗaya ko biyu, za ka ga bambanci a ja da cin wuta. Kuma ledar da ke jikin kowane kara ka bar ta, tana numfashi, tana kare bawo daga gogayya.

sabon_shiga

Kai ngd sosai Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin gishirin, agogon allurar 81 ya nuna, sabuwar mitar dijital kuma 74. Danshin ɗakin kuma yanzu 40 da wani abu yake nunawa da rana amma lokacin damina na san zai hau. Na buga su a takarda ba gari ba rami alhamdulillah, suna firij yanzu gobe za su shiga firiza. Biyun nan masu farin abu ɗaya fumfunar ta shiga ƙasansa na yar. Saura tambaya biyu Yallaɓai, shi akwatin katakon shikenan ya tashi aiki? Sannan akwai guda biyar da suka daɗe a durowa sun bushe ƙamas kafin in sayi akwatin, suna dawowa?

tsohon_hannu

Madalla. Dijital ɗin ka riƙa ƙara 1 kawai, na allurar ka bar shi ado.

Akwatin bai tashi aiki ba amma sai ka gyara shi. Ka goge cikinsa sama sama da alkohol mara ƙamshi saboda fumfunar, ka bar shi a buɗe a inuwa ya bushe sarai. Sannan ka gwada murfin, kunna tocila ka sa a ciki ka rufe gilas ɗin da ƙyalle ka kashe fitilar ɗaki, duk inda haske ya leƙo iska ma tana bi ta nan, ko ka maƙale siririyar takarda a bakin murfin ka ja, in ta zare ba turjiya to ba ya kamawa. Gefen gilas ana iya bi da silikon mara wari irin na akwatin kifi, a bar shi ya bushe kwanaki. Katakon cikin shi ake ce ma sidan Sifen duk da bishiyar a ƙasashen Amurka ta Tsakiya da Amurka ta Kudu take fitowa, dangin mahogani ce, amfaninsa yana shan danshi yana saki a hankali ga ƙamshi, amma in busasshe ne daga sigar ɗinka zai sha, shi yasa ake fara jiƙa shi. Kar ka shafa mai ruwa kai tsaye katakon na iya lanƙwashewa, ka sa Boveda mai 84 ka rufe sati biyu ba sigar a ciki, ko ƙaramin kofi da tataccen ruwa, distil wata, ba na famfo ba. In a wajen masu batir za ka saya ka karanta jikin robar da kyau don akwai mai asid a ciki. Bayan nan ni shawarata ka riƙa sa na shan sati ɗaya kawai a ciki da fakiti mai 69 tunda katako na zubar da kaɗan, babban ajiyar na roba cikin kula. In damina ta shigo ka koma 65 a katakon, 62 a robar, ka bi maganar mai bakin teku kan rage buɗewa, a wannan ya fi ni gaskiya.

Busassun biyar ɗin za su yi laushi amma ɗanɗanon ba zai dawo duka ba in man ganyen ya riga ya tafi, ya danganta da daɗewarsu. Su ma su bi ta firiza, ka lallaɓa su don yanzu ƙiris suke jira su fashe. Bayan nan robarsu daban, ka fara da 62 sati biyu zuwa uku kana juya su lokaci lokaci, sannan 65 wasu satin, kar ka jefa su cikin danshi mai yawa lokaci ɗaya ganyen ciki zai riga bawo kumbura ya tsaga shi. In ka matsa a hankali da yatsa biyu ka ji ya ɗan shiga ya dawo ba ƙara, ka kunna ɗaya ka gwada kafin ka ɓata lokaci a kan sauran. Kuma in a cikin kayanka akwai masu ƙamshin da aka ƙara musu irin su banila ko kofi, kar su kwana roba ɗaya da sauran.